Waya A Mariƙi, Ido A Kan Hanya

Duk wanda ya tsaya a bakin titi da sassafe a Agege, ko Mile 12, ko Obalende, ya zuba ido ga motocin da ke wucewa, zai ga wani abin da babu shi shekaru ashirin da suka wuce. Direbobi da yawa, cikinsu har da 'yan Arewa masu neman abinci a nan Kurmi, suna tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa yana riƙe da wayar salula. Wani ya ɗora ta a cinya yana sunkuyawa yana leƙe, wani ya cusa ta tsakanin sitiyari da agogon mota, wani kuma ya miƙa wa yaronsa yana ta tambaya, "Kai, dama ta ce ko hagu?" Yaro kuma yana cewa, "Maigida, dakata tukuna, tana juyawa." Duk waɗannan taswira suke dubawa, watau manhajar nan ta cikin waya wadda ke nuna wa mutum hanya da taimakon taurarin ɗan Adam.

Ita dai wannan taswira alheri ce, babu mai hankalin da zai ce a yar da ita. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma duk wanda ya taɓa ɓacewa a Ikko da dare ya san gaskiyar wannan magana. Amma fa yadda direbobi da yawa ke amfani da ita yana neman mai da alherin ya zama sanadin asarar mota, ko babur, ko ma rai ɗungum. Gyaran kuwa iri biyu ne. Na farko, a cire waya daga hannu a ɗaura ta a mariƙinta. Na biyu, bayan an ɗaura ta, direba ya ci gaba da zama shi ne direba, kada ya miƙa wa waya hankalinsa.

Yadda Abin Yake Aiki

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san ko mene ne ke magana da shi daga cikin wayar. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin da ake kira GPS. Sun harba tauraro na farko a cikin 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,000 daga ƙasa. Kowane tauraro yana ta aiko da saƙo mai faɗin inda yake da kuma lokacin da ya aiko saƙon. Idan waya ta kama saƙon taurari huɗu ko fiye, sai ta yi lissafi ta gane inda take a bayan ƙasa. Da fari da gangan aka rage wa farar hula daidaiton wannan lissafi, sai a watan Mayu na shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta ɗage wannan taƙaitawa. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma suna da nasu taurarin, kuma wayoyi da yawa na yanzu suna kama su duka.

Abin lura a nan shi ne, tauraro iyakarsa ya taimaki waya ta san inda take. Bai san sunan titi ba, bai san kasuwa ba, bai san inda aka haƙa rami ba. Zanen tituna da sunayensu aikin kamfanoni ne, kamar Google wanda ya fito da taswirarsa a 2005, ya kuma sayi manhajar Waze a 2013. Jan layin nan da ke nuna goslo kuwa, daga motsin wayoyin sauran matafiya ake samo shi: in wayoyi da yawa sun tsaya cik a wuri ɗaya, sai a ce hanya ta cushe. Saboda haka a inda masu irin wayoyin suke da yawa, kamar Ikeja, labarinta yakan yi kusa da gaskiya. A dajin da mota ɗaya ke wucewa bayan rabin sa'a, labarinta ragagge ne ƙwarai.

Har wa yau, kama saƙon tauraro ba ya cin data. Abin da ke cin data shi ne sauko da zanen taswirar da labarin cunkoso. Ana iya sauko da taswirar gari guda a ajiye ta cikin waya tun a gida, ta yadda ko sabis ya ɗauke a hanya ba za ta makance ba. Direbobi da yawa ba su san da wannan ba, sai sabis ya ɗauke su shiga latse-latse alhali mota tana gudu.

Daƙiƙa Biyar

To, mene ne laifin riƙe waya a hannu? Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya ya dubi wayar da ke cinyarsa na daƙiƙa biyar kacal, motarsa ta yi tafiyar mita 110 ba mai kallon gabanta, watau fiye da tsawon filin ƙwallo. A bisa babbar gadar nan ta uku da ta haɗa tsibirin Ikko da sauran gari, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, wannan tazara ta isa a tarar da danfo ta tsaya ba shiri, ko motar da taya ta fashe mata. Ko a cikin gari inda ake tafiya a hankali, daƙiƙa biyu sun isa ɗan makaranta ya faɗo titi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ban da haɗari kuma akwai doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lissafa amfani da waya a lokacin tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu. A ƙarshen shekarar 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan jaridu sun ruwaito wani babban jami'in hukumar a Abuja yana cewa duba taswira a lokacin tuƙi laifi ne. Hukumar ta fito ta yi bayani cewa ba ta hana amfani da taswira ba, abin da take nufi shi ne direba ya saita ta kafin ya tashi, kada ya riƙa sarrafa waya yana tuƙi. Jami'in da ke tsaye a bakin hanya ba shi da halin sanin ko taswira direba ke dubawa ko saƙon budurwa. Abin da ya gani shi ne waya a hannu, kuma wannan ya ishe shi.

Masu aikin tasi ta waya sun fi kowa shiga wannan tarko. Tun da Uber ya fara aiki a Ikko a 2014, Taxify wanda yanzu ake kira Bolt ya biyo baya a 2016, samari da yawa sun karɓi motocin mutane suna biyan balas mako-mako. Aikinsu duka a cikin waya yake: ta nan fasinja ke kira, ta nan ake ganin inda yake, ta nan ake lissafin kuɗi. Irin wannan direba in ba shi da mariƙi, to yini zai yi da hannu ɗaya. Ran da tsautsayi ya faɗa, motar ba tasa ba ce, kuma mai mota ba zai karɓi uzurin taswira ba.

Wane Irin Mariƙi, Kuma A Ina?

Mariƙin waya ba wani abin tsada ba ne, bai kai kuɗin gyaran fitila da bamba ba. Ana samunsa a Computer Village da ke Ikeja, da kasuwar Alaba, har ma a hannun masu talla a cikin goslo. Iri-iri ne. Akwai mai roba da ke mannewa a gilashin gaba, akwai wanda ake maƙalawa a hudar iskar iyakwandishan, akwai wanda ake liƙawa a bisa dashbod, akwai mai maganaɗisu, sa'an nan akwai na babur wanda ake ɗaurewa da noti a jikin kan babur.

Kowanne da aibinsa, kuma ya kamata a sani kafin a ba da kuɗi. Mai mannewa a gilashi yakan saki idan rana ta gasa robar, musamman in ba a goge ƙura ba kafin a manna, kuma in hannunsa dogo ne sai ya yi ta rawa a hanya mai ramuka har a kasa karanta komai. Na hudar iska yana da amfani ɗaya babba, watau sanyi yana bugun waya, amma a tsohuwar mota wadda haƙoran hudar suka tsufa yakan karya su. Mai maganaɗisu yana da saurin ɗorawa da cirewa, sai dai waya mai nauyi takan zame in an faɗa babban rami. Wanda ke aiki a hanyoyin bayan gari gara ya nemi mai gajeren wuya, mai matse waya ta gefe biyu da kuma ƙasa. Araha ba ta ado: mariƙin da zai saki waya ta faɗa ƙarƙashin birki ya fi rashin mariƙi haɗari, domin direba zai sunkuya ya ɗauko ta.

Wurin da aka ɗaura shi ma magana ce. Kada a kafa shi a tsakiyar gilashi inda zai tare ganin hanya, domin waya mai faɗin tafin hannu tana iya ɓoye ɗan acaɓa sukutum a mararraba. Kada a kafa shi a bisa wurin da jakar iska ke fashewa in an yi karo, don kada wayar ta zama harsashi. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama, saboda haka wasu sukan manna waya a kusurwar gilashi ta hagu, dab da taga. A Ikko wannan gayyatar ɓarawo ce, domin a cikin goslo hannu ɗaya za a zuro a fizge. Wurin da ya fi shi ne dama da sitiyari kaɗan, ƙasa da layin ido, inda kallo ɗaya ya isa kamar yadda ake duban madubi.

Sai kuma zafi da caji. Taswira tana shan batir ƙwarai, wayar da ke aiki tana caji kuma rana tana dukanta ta gilashi takan yi zafi har ta dusashe fuskarta ko ta kashe kanta. Yawanci kuwa sai a daidai wurin da aka fi bukatarta. Don haka a kawar da ita daga rana gwargwadon hali, a kuma bi da igiyar caja ta inda ba za ta sarƙe giya ko sitiyari ba.

Bayan an ɗaura, ƙa'ida ɗaya ce: a rubuta inda za a je, a duba hanyar tun daga farko har ƙarshe, a ƙara murya, sa'an nan a tayar da mota. In bukatar canji ta taso a hanya, a nemi wuri a faka. Mariƙi bai halatta latse-latse ba. Wanda ya ɗaura waya a gabansa yana kallon wasan kwaikwayo ko yana amsa saƙonnin WhatsApp, ya dai sauya wa haɗarin wurin zama ne kawai.

Abin Da Taswira Ba Ta Sani Ba

A zamanin fatake, lokacin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, akwai jagaba mai wucewa gaba, akwai kuma madugu wanda shi ke yanke shawarar inda za a bi da inda za a yi zango. Taswira jagaba ce, kuma jagaba mai ƙoƙari. Kuskuren samari da yawa shi ne sun naɗa ta madugu.

A fara da sunaye. Akwai Sabo a Yaba, akwai Sabo a Ikorodu, akwai Sabo a Shagamu, akwai kuma Sabo a Badun. Akwai babbar kasuwar Alaba ta kayan lantarki, akwai Alaba Rago ta dabbobi, akwai kuma Suru Alaba can wajen Mile 2. Akwai Berger ta bakin hanyar Badun, akwai wata Berger a wajen Apapa. Direban da ya rubuta suna ya danna na farkon da ya fito, ba tare da ya duba ko a wace unguwa yake ba, yana iya ƙona man rabin yini kafin ya farga. Waya ba za ta ce masa ya yi kuskure ba, kai shi za ta yi inda ya rubuta, cikin ladabi.

Sa'an nan ga gadoji. A wurare irin su Oshodi da Ijora da Ojota, inda titi ke bisa titi, waya takan rikice ta kasa bambance wanda ke kan gada da wanda ke ƙarƙashinta, ko wanda ke kan babban titi da wanda ke ƙaramin titin gefe. Siminti da dogayen gine-gine suna tare saƙon tauraro ko su karkatar da shi. A nan ne za a ji ta ce a juya dama a wurin da babu komai a dama sai ƙarfen gada. Direba mai hankali ya wuce abinsa, ita da kanta za ta sake lissafi. Wanda ya taka birki a tsakiyar titi don ya yi mata biyayya shi ke jawo karo.

Mafi muni shi ne wanwe, watau titin da ake bi ta fuska ɗaya. A dokar sufuri ta Jihar Ikko ta 2018, hukuncin bin wanwe yana iya kaiwa ga kotu ta ƙwace mota ta zama ta gwamnati, kuma ba barazana ba ce kawai: a watan Satumba na 2022 an yi gwanjon motoci fiye da ɗari da aka ƙwace saboda laifuffukan hanya, masu su suna tsaye suna kallo, wasu suna kuka. Gwamnati takan sauya tsarin titi saboda gyara, taswira kuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta sani. Haka nan layin motocin BRT, wanda aka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, haramun ne ga sauran motoci. Ran da jami'an LASTMA suka tare mutum, cewa "waya ce ta ce in bi nan" ba hujja ba ce a wurinsu, ba kuma hujja ba ce a gaban alƙali. Allon da ke bakin titi da hannun jami'in da ke tsaye su ne doka.

Masu Manyan Motoci

Direbobin tirela da tanka da masu ɗauko shanu, tumatir da albasa daga Arewa suna da nasu kashedin na musamman. Taswirar da ke cikin wayar kowa da kowa an yi ta ne domin ƙananan motoci. Ba ta tambayar tsawon mota, ko tsayinta, ko nauyin kayan da ta ɗauko. In ta ga babban titi ya cushe, sai ta nuna wani lungu a cikin unguwa ta ce ya fi sauri da minti goma. Ƙaramar mota za ta wuce, amma tirela sai ta tarar da kwana mai tsanani, ko wayoyin lantarki sun sauko, ko ƙarfen da aka gitta don hana manyan motoci, ko kwalbatin da ba za ta ɗauki nauyinta ba. Daga nan ba gaba ba baya, unguwa ta toshe, matasan wurin su taru. Kowa ya san yadda ƙaramar magana tsakanin baƙo da 'yan gari takan zama babba, har ta shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

A doguwar hanya ma haka abin yake. Daga Kano zuwa Ikko tafiya ce ta kilomita wajen dubu, ko a bi ta Kaduna, Tegina, Makwa, Jebba, Ilori da Badun, ko a zaga ta Abuja, Lakwaja da Okene. Taswira tana auna kilomita da mintoci. Ba ta auna tsoro. Shekaru da dama direbobi suka ƙaurace wa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, alhali a bisa zane hanya ce miƙaƙƙiya mai ban sha'awa. A 2022 ambaliya ta shanye hanya a wajen Koton Ƙarfe kusa da Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. A watan Mayu na 2025 ambaliyar Makwa ta hallaka mutane da yawa, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu maso Yamma. A irin waɗannan lokuta sahihin labari a bakin direbobi yake, a tasha da wuraren zango irin su Ogere, da kuma wayar da abokin aiki ya bugo daga gaba.

Masu zuwa Gabas, Anaca da Aba da Owerri, su ma shaida ne. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a watan Agusta na 2021 bai taɓa fitowa a fuskar taswira ba. Hasali ma a irin wannan rana sai ta nuna hanya fayau ba cunkoso, domin babu kowa a kanta. Baƙon da bai yi tambaya ba sai ya ɗauka sa'a ya taka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

'Yan Acaɓa

A cikin 2019 kamfanin Google ya ƙara wa taswirarsa tsarin babur a Nijeriya, tare da murya mai Turancin 'yan Nijeriya. Ba a daɗe ba, ran 1 ga Fabrairu 2020, gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a wasu sassa na jihar. Ta ƙara tsananta hanin daga 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sa'an nan a watan Satumba na shekarar ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Baburan da aka kama kuwa an sha nuna yadda ake murƙushe su.

Yaron da ya sauka daga motar shanu makon jiya, ɗan uwansa ya ba shi babur a Ojo ko Alimosho, bai san inda wata ƙaramar hukuma ta ƙare wata ta fara ba, domin babu katanga a tsakani. Kada ya dogara ga waya ta gaya masa. Zai bi shuɗin layi ne har ya faɗa hannun jami'ai, jarin da aka tara shekara biyu ya tafi cikin minti biyar. Wannan ilmi a wurin na gaba da shi yake, kuma wajibinsu ne su zaunar da shi su faɗa masa kafin su miƙa masa makulli. Game da mariƙi kuwa, babur ya fi mota bukatarsa nesa ba kusa ba, domin mai babur da hannu ɗaya ba shi da birkin kirki. Masu tura waya cikin hular kwano ko su riƙe ta tare da kan babur suna wasa da ransu da na fasinja.

Tsakanin Dattawa Da Samari

Akwai dattawan direbobi da ke cewa duk wannan shirme ne, su sun yi shekara talatin suna shiga Apapa ba su taɓa tambayar waya ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda kullum waya ke jansa ba ya haddace hanya, ran da batir ya mutu sai ya koma baƙo a garin da ya shekara biyar. Amma su ma dattawan su yi adalci. Ikkon da suka haddace ba ita ce ta yau ba. An yi sababbin unguwanni a wajen Lekki da Ajah da Ikorodu, an gina gadoji, an rufe mahaɗu. Babu kan da zai iya sanin cewa tanka ta faɗi a gaba minti goma da suka wuce, waya kuwa sau da yawa takan nuna alamar haka. Zamani riga ne.

Su kuma samari su sani cewa matambayi ba ya ɓata. Sauke gilashi a yi sallama, a ce, "Baba, don Allah tirela tana wucewa ta nan?" bai rage wa kowa daraja ba. Mai shayi da mai gadi da mai faci da ke bakin titi sun san abin da babu kamfanin da ya rubuta: inda ruwa ke taruwa in an yi sama, titin da ake kulle ƙofarsa da dare, da kwanar da ba a tsayawa bayan magariba.

Kira Ga Shugabanni

Sarakunan Hausawa na unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, da na kasuwannin Mile 12, Alaba Rago, Kara da Sabon Badun, suna da rawar takawa. Ba sai an jira gwamnati ba. A kowace tasha akwai yaro ɗaya ko biyu da suka iya waya. A ware sa'a guda bayan sallar Juma'a su nuna wa sauran yadda ake sauko da taswira a ajiye, yadda ake tabbatar da unguwa kafin a danna, da yadda ake aika wa maigida ko iyali inda mota take. Da yake muryar da ke yawancin wayoyin nan da Turanci take magana, kuma ba kowa ke kama ta da sauri ba, a sani cewa manhajar Waze tana ba mutum dama ya ɗauki muryarsa da kansa yana faɗin dama da hagu da sauransu, ya kuma raba wa wasu. Ƙungiya guda tana iya sa mutum ɗaya mai murya garau ya yi wannan da Hausa, kowa ya amfana.

Masu motoci kuma, Alhazan da ke ba da mota ko babur a kawo balas, su sa mariƙi da caja cikin kayan aiki kamar jak da safaya taya. Wanda ya iya sayen mota ba zai gaza wannan ba, kuma dukiyarsa yake karewa.

Ita ma gwamnatin jiha akwai nata. Direbobi sun daɗe suna kukan cewa wasu titunan wanwe ba su da allon alama, ko allon ya faɗi, ko rumfar mai kaya ta rufe shi. In hukunci ya kai a ƙwace abin da mutum ke ci da iyalinsa, to adalci ne alamar ta kasance a fili yadda baƙo ma zai gani. Haka nan in an sauya tsarin titi, a sanar da kamfanonin taswira da wuri, a kuma sanar da tashoshi cikin harsunan da direbobi ke ji, har da Hausa.

Duk wanda ya baro Katsina, ko Sakkwato, ko Azare, ko Maraɗi ya zo Kurmi, ya bar mutane a gida suna jiran aike, sun kuma fi jiran dawowarsa. Ya sayi mariƙi ya ɗaura wayarsa, ya saita ta kafin ya tashi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, in ya yi shakka ya faka ya tambayi mutane. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya, amin.